Kofur Lado da Ƙwayar Ƙona Kitse

A unguwar Dubeli ta Jimeta, in ka tambayi gidan Lado sai a ce maka wanne. In ka ce Kofur Lado kuwa, sai a yi murmushi a nuna maka gindin dalbejiyar da ke gefen teburin Bappayo mai goro. Can za ka same shi ya cinye benci guda shi kaɗai, yana ba da labarin ranar da ya ƙetare Binuwai da iyo, ɓarawo a hammatarsa, kulki a bakinsa.

Shekara goma sha huɗu ya yi yana ɗan doka a En'e. Da aka rushe 'yan doka, aka ce za a zaɓi masu lafiya a mayar da su 'yan sandan Nijeriya. Likita ya zo da tef ɗin awo ya zagaya ƙirjin Lado, ya gangaro ciki, tef ya ƙare ciki bai ƙare ba. Aka sallame shi da kakinsa da jar dararsa. Shi dai har gobe cewa yake shi ya ƙi aikin, don ba zai iya karɓar oda daga yaran da aka haifa a gabansa ba.

Tun daga nan gidan ya koma kan kaskon ƙosan matarsa Hansai. Shekara biyu tana tsugune a bakin murhu safe da yamma, hayaƙi ya ci mata ido har kullum suna ja suna zubar ruwa. Lado, duk cika bakinsa, abin nan na ci masa rai. In ya ga tana goge ido da gefen zani sai ya kau da kai, ya ɗauki ƙosai biyu, ya ce, "Bari dai ki gani, Hansai. Ni zan ɗauke ki daga bakin kaskon nan."

"Allah ya nuna mana, Kofur," in ji ta. "Amma ajiye na ukun da ke hannun hagu."

Ana nan, a cikin daminar shekarar da Nijeriya za ta cika goma da samun 'yanci, sai ga tsohon shugabansu Sajan Hamajoɗa ya taso daga Yola a kan kekensa. Bafulatani ne dogo, wanda in ya juya gefe sai ka neme shi ka rasa. Ya jingine keke ya ce ranar ɗaya ga Oktoba tsofaffin 'yan doka za su yi fareti a filin Yola. Kuma gwamnatin jiha ta gina sabon ofishin gona a Jimeta, ana neman mai tsaron ƙofa ɗaya, Di'o da kansa zai zaɓa daga cikin masu faretin.

"Amma ka ji da kyau, Lado," in ji Sajan. "Gwamnati ya ce ba zai ɗinka wa kowa kaki ba. Wanda tsohon rigansa ya shige shi, ya zo. Wanda bai shige shi ba, ya zo kallo." Ya dubi cikin Lado sama da ƙasa. "Kai sai in ajiye maka wuri a inuwa."

Lado ya miƙe, benci ya yi ajiyar zuciya. "Sajan, ka je ka gaya wa Di'o ya daina wahalar da kansa. Ƙofar nan tawa ce. Ni zan tsaya a layin gaba."

Da ya isa gida ya sa Hansai ta ciro kakin daga akwati. Ka san tun yana aiki Lado bai taɓa sa wa kansa riga ba. Tsayawa yake ya buɗe hannuwa, ya ɗaga haɓa yana kallon sama, Hansai ta zura masa ta baya ta zagayo ta ɓalle maɓallai, wai haka ake yi wa manyan hafsoshi. Ran nan ta zura, ta ja, ta ƙara ja. Tsakanin maɓalli da kafarsa akwai tafiya kamar daga Jimeta zuwa Yola.

"Rigar ta tsuke," in ji Lado. "Akwatin nan naki yana da sanyi."

"Mako shida ya rage, Kofur. Da ka rage tuwon dare, ka riƙa ɗebo mini ruwa daga kogi…"

"Kofur guda da garwa a kafaɗa? Zamani ya wuce nan. Turawa sun gama wannan maganar."

Abin da yake nufi yana kemis ɗin Apollos a bakin kasuwa. Wata kwalba ce mai hoton mata biyu, ɗaya kamar randa, ɗaya kamar muciya, an ce mace ɗaya ce kafin da bayan. Apollos ya sauko da ita ya hure ƙura.

"Oga Kofur, wannan na faya, wuta ce. Yana ƙona kitse. Ɗaya kullum kafin abinci." Ya kawo kwalbar kusa da ido yana karanta ƙananan rubutun da ke ƙasa. "Amma ya ce sai ka rage ci, kuma ka motsa jiki."

"Wa ya ce?"

"Takarda."

"To in zan rage ci in motsa jiki, me ƙwayar za ta yi? Kallo? Wannan sun rubuta ne saboda mata. Ba ni biyu."

A hanyar gida ya yi wani tunani da shi kansa ya burge shi. Tunda ƙwaya wuta ce, wuta kuwa in ba a iza mata itace mutuwa take. In ta shiga ciki ta tarar babu abin kamawa, ko ta mutu, ko ta juya kan hanji. Saboda haka mai hankali sai ya fara aika mata da ɗan kitse ta kama, in ta ruru sai ta wuce ta cinye na jiki. Bai tsaya ko'ina ba sai wurin Haladu mai tsire.

"Haladu, yanko mini tozo da kitsen ƙoda. Ba ni zan ci ba, magani zan ba."

"Maganin yana son yaji?" in ji Haladu.

"Zuba masa."

Ƙwaya ɗaya aka ce, Lado ya mayar uku, don shi ba ƙaramin mutum ba ne. Kafin kwana uku gumi ya ɓalle masa, zuciyarsa na dukan tara-tara, bakinsa ya bushe amma surutunsa ya ninku. Yakan zauna gindin dalbejiya ya share goshi da yatsa ya yarfe a ƙasa.

"Kun gani? Wannan ba gumi ba ne, kitse ne ya narke. Bappayo, kawo fitilarka in cika maka."

Bappayo, wanda Allah ya yi shi siriri ba da ƙwaya ba, ya gyara ganyen da ya rufe goronsa. "Kofur, mu a wurinmu in saniya tana zufa haka, wuƙa ake nema."

"Hassada ce. Kai ko ka sha kwalba goma babu abin da wutar za ta kama, sai dai ta ƙona riga."

Sai kuma ƙwayar ta nuna ɗaya halin nata. Ranar Juma'a Lado ya shige sahun gaba a masallaci, liman ya tayar da salla, cikinsa ya yi wata ƙugi da ta sa na kusa da shi ya saci kallon sama ko hadari ne. Kafin a kai ruku'u Kofur ya ratsa sahu bakwai da gudu, yana taka ƙafafun bayin Allah, ya suri butar wani ya yi bayan gari. Da ya dawo an watse, ya tarar da mai buta yana jiransa.

"Toka ce," ya gaya wa mutumin, yana miƙa masa butar. "Duk inda aka yi wuta dole a kwashe toka."

Mako biyu da farawa, Bappayo ya ce baki ba ya auna mutum, a je kwata a hau sikelin gyaɗa. Aka ɗunguma bakin kogi inda ake loda buhuna a jirgin ruwa. Ma'auni ya ture buhu gefe, Lado ya hau yana ɗaga wa leburori hannu. Ma'auni ya matsar da ƙarfe, ya ƙara matsarwa, ya je ya ɗauko wani dutsen awo ya rataya. Ya ce buhu ɗaya da rabi. Bayan mako biyu aka koma, ya ce buhu ɗaya da rabi da tiya biyar.

Leburori suka kwashe da dariya. Lado ko gezau.

"Jahilci mugun ciwo. Kitse in ya narke ai ya fi nauyi kafin ya fita. Kuma wannan sikelin gyaɗa ya sani, bai san mutum ba. Ni ina da shaidar da ta fi shi."

Yana da ita kuwa, kuma ita ta ɗaure wa Dubeli kai. Duk ranar Lahadi Hansai na gwada masa kaki, kuma duk Lahadi maɓalli na ƙara matsowa kusa da kafarsa. A mako na huɗu na sama ya shiga. A na biyar uku suka shiga. Lado ya leƙo zaure ya kira Bappayo da Haladu su gani da idonsu, yana tsaye a bakin ƙofa, bayansa na cikin duhun zaure. Bappayo ya taɓa maɓallin, ya riƙe haɓa ya koma. Kafin Laraba kwalaben Apollos sun ƙare. Matar mai unguwa ta aika a sayo mata, direbobin tasha suka saya, tsiren Haladu kuwa ba ya kai la'asar, don kowa ya ji ƙa'idar iza wuta daga bakin Kofur.

Abin da Lado bai sani ba, tun Lahadin farko da Hansai ta ga riga ta ƙi, ta ga kuma yadda fuskarsa ta faɗi kafin ya ɗora wa akwati laifi, tausayinsa ya kama ta. Washegari ta naɗe kakin a cikin zani ta kai wa maƙwabciyarta Edna mai keken ɗinki. Suka farke tsakiyar baya suka ƙara ƙyalle. Da farko sun ciro daga naɗin ƙasan rigar, sannan daga cikin aljihu, sannan suka yanke bindin rigar gaba ɗaya. Amma mai riga gaba yake ci kullum, kaki ya ƙare. Suka zagaye kasuwar Jimeta babu irinsa. A mako na ƙarshe Hansai ta buɗe akwati ta ciro atamfarta ta fita biki, mai zanen zakaru ja da ɗorawa, ita kaɗai ce mai kyau da ta rage mata. Edna ta riƙe almakashi ta ce, "Maman gida, kin tabbata?" Hansai ta ce ta yanka.

Saura launi. Kakin ɗan doka dama da sitaci yake tsayawa, ana dama shi da kauri a shafe riga a goge har ta iya tsayuwa da kanta. Hansai ta dama nata da jar ƙasa da ruwan ganyen shayi, ta shafe zakarun nan hawa uku, ta bi da dutsen guga. Daga nesa ba ka cewa komai, sai dai ka ce kakin ya ga duniya. Bel kuma ta kai wa baduku ya ƙara masa tsawo ta baya.

Sau biyu ta yi niyyar gaya masa. Na farko ta ce, "Kofur, game da rigar nan…" ya ce, "Na sani, ta kusa yi mini yawa." Na biyu ta roƙe shi abu ɗaya kawai, ranar fareti kada ya sha ƙwaya, saboda gumi.

"Ranar yaƙi za ki ce in ajiye bindiga?" in ji shi. Ran nan biyar ya haɗiya.

Ranar ɗaya ga Oktoba filin Yola ya cika maƙil. 'Yan makaranta da tutoci, masu badujala, Di'o da manyan gari a rumfa. Rabin Dubeli sun biyo motar itace don su ga abin al'ajabi. Lado ya iso da babbar riga a kan kaki, sai da ya zo gaban Sajan Hamajoɗa ya tuɓe ta a hankali ya miƙa wa Haladu. Maɓalli biyar, duk a ɓalle.

Sajan ya zagaya shi sau ɗaya. Ya ƙwanƙwasa bayan rigar da sandarsa, ta yi ƙara kamar ƙofa. "Kay! Wannan sitaci ne ko siminti?"

"Aikin matar kofur ne, Sajan."

"To. Na yi alkawari. Layin gaba."

Aka jera su goma sha biyu, Lado a gaba ta hannun dama, bayansa wani tsohon ɗan doka mai suna Zadok, wanda kakinsa ke lilo a jikinsa. Rana ta take. Aka yi awa guda ana jawabai. Ƙwaya biyar suka kama aiki, gumi ya fara bin bayan Kofur kamar an buɗe famfo.

Badujala ta tashi. "Lef, rai! Lef, rai!" Lado ya tura ƙirji yana watsa hannu. A zagayen farko Zadok ya ga wani jan ruwa na gangarowa daga rigar da ke gabansa yana ɗiga a ƙasa. A rabin zagaye na biyu wani jan tukku ya ɓullo tsakanin kafaɗun Lado, sai ido, sai baki.

"Kofur," in ji Zadok ƙasa-ƙasa, "akwai kaza a bayanka."

"Yi shiru, ana fareti."

"Sun zama biyu."

'Yan makaranta suka fara gani. Wani ya yi cara, filin ya ɗauka. Lado ya ji sowa ta tashi duk inda ya gifta, ya ce a ransa yau Yola ta san Kofur ya dawo. Ya ƙara ɗaga gwiwa, ya ƙara watsa hannu, gumi ya ƙara zuba. Da suka zo daidai rumfa zakaru huɗu ne reras daga wuya zuwa ƙugu, wankakku tas.

"Abatan!" in ji Sajan.

Suka juya, Lado ya ba Di'o baya. A rumfa wani dattijo a cikin manyan gari ya tuntsire har rawaninsa ya karkace. Mai babban ganga ya kasa duka, ya kifa kai a kan gangar. Di'o ya ciro hankici ya toshe baki, kafaɗunsa na rawa.

Sajan Hamajoɗa ya tako har gaban Lado. "Kofur, wannan wane runduna ne?"

"Wanne, Sajan?"

"Na bayanka. Kai ka zo fareti ko ka kawo kaji kasuwa?"

Lado ya waiga dama, ya waiga hagu, ya juya kamar kare mai bin bindinsa, bai ga komai ba. Ya kai hannu baya ya shafo, ya dawo da tafi cike da jan kunu. Ya ja dogon numfashi zai yi bayani, sai ƙarin da baduku ya yi wa bel ya ce ɗas. A daidai nan kuma cikinsa ya yi irin ƙugin ranar Juma'a. Hannu ɗaya a wando, ɗaya a ciki, Kofur Lado ya ratsa tsakiyar fili da gudu, zakaru huɗu na tsalle a bayansa, Bappayo na ihu daga cikin taro, "A ba shi hanya, zai kwashe toka!"

Zadok aka ba ƙofar ofishin gona.

Lado bai jira mota ba, ya karɓi babbar rigarsa wurin Haladu ya lulluɓa, da ƙafa ya koma Jimeta, mil biyar. Labari ya riga shi isa. Ya wuce kemis ya ga mata sun yi wa Apollos dafifi da kwalabe a hannu, yana nuna musu ƙananan rubutu yana rantsuwa ya karanta wa Kofur. Ya shiga gida ya tarar da Hansai a bakin kasko. Ya tuɓe rigar kakin da hannunsa, karo na farko a rayuwarsa, ya juya bayanta ya daɗe yana kallo. Ya zo da faɗa cike da baki, amma ya gane zakarun. Shi ya sayo atamfar da albashinsa na farko na kofur.

"Hansai, ta fita bikinki ce."

"Ita ce."

"Yanzu da me za ki fita?"

"Ina nake zuwa, Kofur? Daga kasko sai kasko." Ta goge ido da gefen zani. Wannan karon bai kau da kai ba, kuma kunya ta kama shi irin wadda ko a filin Yola bai ji ba.  Sannan ya je ya ɗauki garwa biyu da sanda ya nufi kogi.

Daga ran nan shi ke ɗebo ruwa sawu shida, shi ke faskare, shi ke kai wake inji ya dawo da shi a ka. Ya gina mata murhu a waje inda iska ke kwashe hayaƙi, da yamma kuma shi ke zama bakin kasko, wai yana duba aiki ne. Tsiren Haladu ya gagare shi, don wanda ya yi sawu shida barci yake nema. Idon Hansai ya washe. Sauran ƙwayoyin ta zuba su a masai.

Bayan wata biyar, wata Lahadi, ta farke zakara ɗaya daga bayan kakin ta gwada masa, riga ta shiga. Kafin azumi ta farke na biyu. Da na huɗu ya fita, Edna ta haɗa mata su ta yi ɗankwali. Lado ya sa kakinsa ya fito gindin dalbejiya, ya juya gaba ya juya baya a gaban Bappayo, ya zauna a benci har da sauran wurin mutum ɗaya.

"Ka gani ko? Da kuna dariya. Ƙwayar nan ce sai yanzu ta fara aiki. Maganin Turawa ba ya gaggawa."

Bappayo ya buɗe baki ke nan, sai muryar Hansai ta fito daga zaure.

"Haka ne, Kofur. Zo ka ɗauki garwa, kada wutar ta mutu."